Tsakanin Doka da Amana

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta mana, mu iyaye, sanya 'ya'yanmu a makaranta. To, uban da ya hana ɗansa fita ranar da gari ya ɗauki zafi, ya yi laifi ke nan? A ganinmu bai yi ba. Mutanen Kafanchan ba su manta ba cewa a harabar Kwalejin Ilimi rikicin Maris 1987 ya faro. Duk wanda ya tilasta a kawo masa yaro, amana ya karɓa. Wajibi ne makaranta ta sanar da mu tun da wuri inda za a tara yara in ta ɓaci, da wanda za a miƙa su gare shi. Sai ta sauke wannan nauyi ne rajistar kiran suna za ta zama hujja a kanmu.