Masu Kwarfe Ruwa a Cikin Ƙirji

Kafin ka sauko daga shimfiɗa, ɗan'uwa, ja numfashi ɗaya a hankali ka saurare shi. Iskar nan ta gangara zuwa ɗaruruwan miliyoyin 'yan jakunkuna da ke cikin huhunka. Tsakaninsu da jini fata ce siririya, silin gashi ya fi ta kauri nesa ba kusa ba, ruwa kuwa ba ya rasa inda zai tsattsafo. Me ya hana ka nitsewa kana barci?

Mahalicci ya ajiye maka ma'aikata a wurin, kamar masunci mai kwarfe ruwa daga kwalekwale. Sinadaran furotin ne. Ɗaya ƙofa ce, ENaC, mai buɗe wa sodiyam ya fice daga jakar iska ya shiga ƙwayar halitta. Ta baya kuma akwai famfo mai tura sodiyam uku waje ya jawo fotasiyam biyu ciki, wanda Jens Skou na Denmak ya gano a jijiyar ƙaguwa a 1957. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne babu mai tura ruwan da kansa. Gishirin, wato sodiyam, ake kwashewa, ruwa ya bi shi, yadda gishirin ɗakin girki ke jiƙewa da damina.

Da su ka fara rayuwa. Huhun ɗan tayi cike yake da ruwa, sai lokacin haihuwa ƙofofin nan su shiga janye shi domin iska ta sami wuri. A 1996 masana suka ga 'ya'yan ɓerayen da aka cire wa ƙofar ENaC suna mutuwa cikin sa'o'i 40 da haihuwa, huhunsu jiƙe. Kukanka na farko ma sai da aka share masa hanya.

Yanzu tuna da wanda ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman. Namoniya ko gubar ƙwayoyin cuta a jini ta yaga fatar nan, ruwa mai kauri ya malale jakunkunan, ma'aikatan kansu sun jikkata. ARDS ake kiran ciwon, likitoci a Denba ta Amurka suka fara bayyana shi a 1967 kan majinyata 12. A 2001 Lorraine Ware da Michael Matthay suka nuna cewa yawancin masu ciwon kwarfewarsu ta raunana, waɗanda tasu ke da sauran ƙarfi kuwa sun fi tsira.

An yi ƙoƙarin zaburar da famfunan da maganin salbutamol ta jijiya a Birtaniya, amma aka dakatar da gwajin saboda mace-mace sun ƙaru. Abin da ya ceci rayuka tun 2000 shi ne rage yawan iskar da na'urar numfashi ke hurawa a kowane numfashi, a lallaɓa huhun har ya farfaɗo. Ina yawan tuna wannan idan na ga kaina ina matsa wa mai rauni lamba, alhali haƙurina yake bukata.

Ya Ubangiji, na gode maka da numfashin da ban yi wahalarsa ba. Ka dubi waɗanda na'ura ke numfasa musu a safiyar nan, da ma'aikatan jinyar da suka kwana a tsaye suna juya su rub da ciki, da iyalan da ke zaune a bakin ƙofa. Ka janye ruwan daga ƙirjinsu. Amin.