BIZA BA BULALA BA CE: NASIHA GA MASU KAI MATANSU INGILA



Makon jiya wata baiwar Allah ta turo min saƙo daga Ingila da tsakar dare. Ta ce: "Malam, shekarata uku da zuwa. Duk lokacin da muka samu saɓani sai ya ce in shiga hankalina, takarda ɗaya zai rubuta wa hukuma a mayar da ni garinmu. Jiya ya yi min saki ɗaya, fasfo ɗina kuma yana hannunsa. A ina zan yi idda?"

Wallahi tambayar nan ta hana ni barci.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. Matar da ta shiga Birtaniya da bizar aure, wato mijinta ɗan ƙasa ne ko mai zaman dindindin, ana fara ba ta shekara 2 da wata 9. Sai ta sabunta a ƙara mata shekara 2 da rabi. Sai ta cika shekara 5 sannan za ta nemi zaman dindindin na kanta. Kafin nan zamanta yana rataye ne da auren. Idan aka rabu, doka ta ce a sanar da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ita kuma yawanci sai ta rage bizar zuwa kwana 60. A cikinsu ko mace ta samu wata hanyar zama, ko ta tattara ta bar ƙasar. Kuma ba sai kotu ta raba auren ba, rabuwar kanta ake dubawa.

To ɗan uwa, kai da ka san wannan, ka mayar da shi bulala, ka ji tsoron Allah. A aya ta 231 ta Suratul Baƙara, Allah Ya hana riƙe mace don a cutar da ita, Ya kuma kira mai yin hakan wanda ya zalunci kansa. A farkon Suratuɗ Ɗalaƙ Ya hana fitar da wadda aka saka daga ɗakinta har ta gama idda, a aya ta 6 kuma Ya hana a ƙuntata mata. A Kano ko Zariya, mace in an kore ta tana da gidan uba, ga ƙanin mahaifi, ga unguwa. Wannan fa? Kai ka ɗauko ta, kai kaɗai ta sani, wataƙila ko motar haya ba ta taɓa shiga ita kaɗai ba. Idda wajen wata uku ce, mai ciki kuwa sai ta haihu. Ka yi lissafin da kanka ka gani ko kwana 60 ya isa.

Ban ce ku yi wa hukuma ƙarya ba. Akwai waɗanda suke tambayata: mun rabu tuntuni, idda ta ƙare, amma za mu bar auren a takarda har ta cika shekara biyar, ya halatta? Ban ba kowa wannan fatawar ba. Sa hannu a kan cewa kuna tare alhali ba kwa tare shaidar zur ce, kuma ranar da asiri ya tonu ita za a fara kora. Abin da nake cewa shi ne a yi tunani kafin baki ya furta. Saki ɗaya ai kome gare shi, tana nan matarka, ci da sha da wurin kwana duk suna kanka. A kira mutum biyu daga dangin juna kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta koyar, ko da ta waya ne. Limaman masallatanmu na can, wannan aikinku ne, ba ɗaurin aure kaɗai ba.

Ke kuma 'yar uwa, ki sani ba kullum maganarsa ce ta ƙarshe ba. Shi ba ya korar kowa, hukuma ce ke yanke hukunci. Idan kina da ɗa ɗan ƙasar, akwai hanyar neman zama a matsayin uwa. Idan cin zarafi ne ya kashe auren, mai bizar aure tana iya neman zaman dindindin ba tare da sa hannun miji ba, kuma ba duka kaɗai ake kira cin zarafi ba: tun 2015 takurawa da juya mace da barazana laifi ne a dokar Ingila. Ki adana saƙonninsa, ki nemi lauya mai rajista, kada ki bari kwanakin su ƙare kina zaune kina kuka.

Wadda ta rubuto min, na ce ta zauna a ɗakinta muddin tana da aminci a kan ranta. Na nemi lambar mijin, na kira sau biyu bai ɗaga ba. In kana karanta wannan, ka fara da mayar mata da fasfo ɗinta yau, sannan ka kira ni.