WAI SHIN DARIYAR ARAHA ƁATA LOKACI CE?

Jama'a, wata gardama ce ta tashi tsakaninmu, mu malaman makaranta a nan birnin Katsina, muka ga ya kamata mu kawo ta gaban masu karatu. Ran nan muka iske yaranmu a wata rumfa wajen Ƙofar Marusa, ana saura mako biyu jarrabawa, suna kallon wasan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu cikin 2014, irin wasan nan da ake kira camama. Waɗansunmu suka ce a hore su, wai araha ba ta ado, abin da aka shirya cikin kwana kaɗan da kuɗi kaɗan ba shi da abin da zai ƙara wa mai neman ilmi.

To, bari mu duba asalin abin tukuna. Cikin 1929 fatara ta auka wa Amurka, ma'aikata suka rasa aiki, 'yan kallo suka ragu a gidajen sinima. Sai masu gidajen suka yi dabara, suka riƙa nuna wasa biyu a kuɗin ɗaya. Na biyun ɗan rakiya ne, tsawonsa kamar sa'a guda, akan gama ɗaukarsa cikin mako ɗaya ko biyu. Ƙananan kamfanoni irin su Monogram da Republic, wanda aka kafa cikin 1935, suka duƙufa a kansa, har mutanen Holiwud suna kiransu layin matsiyata. Da yawa waƙa ce da barkwanci: ga saurayi ba ko kwabo, ga yarinya mai murya, a yi ta ruɗani, daga bisani a ɗaura aure. Masana suka raina su, amma magidancin da ya yini neman aiki bai samu ba, can ya kan sami sa'a guda ya sauke kayan da ke zuciyarsa.

Mu ma ai ba baƙin wannan ba ne. Kakanninmu sun bar mana 'yan kama da tashen watan azumi, da wasan da ke tsakanin Bakatsine da Banufe, duka kuwa ba mai tsada, ba a kuma ce ɓata lokaci suka yi ba. Ashe kuɗin da aka kashe ba shi ne ma'auni ba.

Mu dai a ganinmu ma'auni biyu ne. Na fari, wa ake yi wa dariyar? In marowaci ne ko mai girman kai, to, wasan ya yi aikin wa'azi. In kuwa makaho ne ko gurgu, ko baƙon da Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, yaro ya koyi wulakanta mutane ke nan yana tsammani nishaɗi ya yi, kuma ba mu ɓoye ba, camama ta kan faɗa wannan rami. Na biyu, yaushe? Gishiri shi ke gyara miya, amma ba a cinsa a maimakon tuwo.

Saboda haka ba mu taɓa yaran da bulala ba. Muka hana su rumfar sai bayan jarrabawa, muka kuma sa kowa ya rubuto labarin wasan, ya faɗi wanda aka yi wa dariya, da ko ya cancanta. Har yanzu akwai abokan aikinmu da ke ganin mun yi sassauci. Masu karatu, ku rubuto mana abin da kuka gani. Allah ya sa mu dace, amin.