Fatawa kan karatun Kirkegad da bushewar zuciya

Tambaya: Malam, ni ɗan Afala ne, ina ajin ƙarshe a lise a Tawa. A darasin falsafa an karantar da mu wani Kirista, Kirkegad, mai cewa imani zafin zuciya ne tsakanin mutum da Ubangijinsa, hujja ba ta kai can. Ni kuwa ina sallah ba na jin komai, har tsoro ya kama ni. Ya halatta in ci gaba da karanta shi?

Amsa: Da sunan Allah. Ɗana, karanta shi don jarrabawar bak ko don sanin maganganun mutane ya halatta, muddin kana da malamin da kake kai wa abin da ya shige maka duhu.

Kirkegad mutumin Danmak ne, ya rasu a 1855. Abin da ya ci masa rai shi ne jama'arsa sun gaji sunan Kirista, coci tana hannun hukuma, zukata kuwa wayam. Wannan ciwo mun san shi, Imamu Gazali ya koka da shi tun da daɗewa.

Sai dai Kirkegad a littafinsa na 1846 ya fifita mai roƙon gunki da dukan zuciyarsa a kan mai roƙon Allah da zuciyar ƙarya. Nan muka rabu. Ikhlasi sharaɗi ne, amma ba ya mai da ɓata gaskiya. A na 1843 kuma ya nuna Annabi Ibrahim ya tafi yanka ɗansa cikin shiru, ya kasa gaya wa kowa dalili. A Suratus Saffat kuwa ya gaya wa yaron mafarkin, ya ji ta bakinsa, suka miƙa wuya tare.

Batun sallarka ya fi damuna. Risala ta Ibn Abi Zaid ta haɗa imani da furucin harshe, ikhlasin zuciya da aikin gaɓɓai, yana ƙaruwa yana raguwa. Sahabi Hanzala ya zaci ya zama munafuki don zuciyarsa tana sanyi idan ya koma cikin iyali, Manzon Allah (SAW) ya kwantar masa da hankali, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Tsoron da kake ji ma alamar imani ce. Manomin Adar yakan yi binnen gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Haka za ka riƙe sallolinka a kan lokaci, cikin jam'i. Sallarka ta inganta, babu ramuwa a kanka. Idan wasiwasin ya hana ka barci, zo mu zauna.

Wallahu a'alam.