Hakkin Zomon Da Ya Rage Shi Kaɗai A Cikin Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya ɗauki nauyin arzikin kowace halitta, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, da an gama girbi samarinmu na Bande da ƙauyukan Magarya da Dungas sukan kama hanyar ci-rani zuwa Kano ko Legas, su bar bisashensu a hannun iyaye. Rago da akuya ba a manta su, don kuɗi ne. Wanda ake mantawa shi ne zomo. Da yawa yaro yakan fara kiwo da biyu, ɗaya ya mutu a bazara, ɗayan ya rage a lungu cikin tsohon kwando. Shin a riƙe shi, ko a ba wani?

Ajiye ƙaramar dabba don ta faranta wa yaro rai halal ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa ƙanensa Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (S.A.W.) bai hana ba, har ma ya tambayi yaron labarinsa da ya gan shi cikin baƙin ciki. Amma wanda ya tsare rai ya hana shi neman abinci da kansa, to cinsa da shansa sun hau wuyansa. Matar da hadisi ya ce ta shiga wuta saboda kyanwa ba dukanta ta yi ba. Kulle ta kawai ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halil ya bayyana a Muhtasar cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, in kuwa ya ƙi, sai a sayar da ita.

Saura batun kaɗaici, kuma a nan ya kamata mu tsaya. Aya ta 38 cikin Suratul An'am ta sanar da mu cewa bisashe da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu, kowace al'umma kuwa da ɗabi'arta. Zomon daji da mafarauta suka sani shi kaɗai yake kwana a gindin ciyawa. Zomon gida jinsinsa dabam ne, asalinsa daga Turai, inda kakanninsa ke zama jama'a guda cikin ramuka. Idan aka ware shi, sai ka ga ya lafe, ya rage cin abinci. Zomo kuwa idan ya yini ya kwana bai ci ba, ransa yana cikin haɗari. Ku tuna da abin da Abu Dawud ya ruwaito na tsuntsuwar da sahabbai suka ɗauke wa ƴaƴa biyu, Annabi ya umurce su su mayar mata. Ba yunwa take ji ba, rabuwa ce ta dame ta, kuma aka duba damuwarta.

Abin da nake gani shi ne, kaɗaici kawai bai wajabta rabuwa da zomo ba, matuƙar yana samun harawa da ruwa da inuwa. Ina jaddada inuwa, domin zomo ba ya jure zafi, ga shi a watan huɗu da na biyar zafin ƙasar Damagaram yakan haura digiri 40. Amma kyautatawa ita ce a samo masa abokin zama. Sai dai a lura: maza biyu manya faɗa suke yi har su ji wa juna rauni, namiji da mace kuma cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka, kafin shekara gida ya cika. Wanda bai iya da ɗaya ba, kada ya janyo wa kansa goma. Irin wannan ya ba maƙwabcin da ke kiwon zomaye, ko ya sayar, ko ya yanka, domin namansa halal ne: Abu Ɗalha ya yanka zomon da Anas ya kama, ya aika wa Annabi cinyoyinsa, ya karɓa. Sakinsa a daji kuwa ba ƴantawa ba ce, miƙa shi ne ga karnuka da shaho.

Kada kuma a manta da mai shi. Idan na ɗanka ne baligi da ke ci-rani, amana ce a hannunka, ka kira shi a waya ka nemi izininsa kafin ka kyautar. Idan na ƙaramin yaro ne, uba yana da ikon zaɓa masa abin da ya fi maslaha, amma kada a ce masa zomo ya gudu alhali an bayar da shi, don ƙarya ga yaro ma ana rubuta ta. A gaya masa gaskiya, a bar shi ya ɗauke shi da hannunsa ya kai gidan da zai koma.