Tsohuwar Ganga da Hannun Mai Gyara

Karatu: Galatiyawa 6:1-5

A Amurka da Ingila akwai mutanen da sana'arsu ke nan farfaɗo da tsofaffin gangunan bature, irin jerin gangunan da matasanmu suke kaɗawa a lokacin sujada. Cikin waɗanda aka fi nema akwai na kamfanin Ludwig, wanda aka kafa a Shikago a 1909, musamman ƙirar shekarun 1960. Jikinsu katako ne falle uku da aka manne aka lanƙwasa. Sukan iso hannun mai gyara da tsatsa a ƙarafa, fata a yage, ledar ado ta ɗaye.

Wasu gyare-gyaren ba a gardama a kansu. Tsatsa dole a goge ta. Fata kuwa dama abar canzawa ce. Tun wajen 1957 fatar roba ta fara maye gurbin fatar maraƙi. Amma akwai wurare biyu da gwani yake taka tsantsan. Na farko bakin ganga, inda fata take zama: in aka kankare shi fiye da kima, katakon da ya tafi ba ya dawowa, muryar gangar ta canza ke nan. Na biyu huda sabon rami don ɗaura ƙarfen zamani: ko an toshe shi daga baya tabon yana nan, darajar gangar kuma ta faɗi a wurin masu saye.

To, ga tambaya. Ganga taka ce, da kuɗinka ka saya. Kana da ikon yi mata duk abin da ka ga dama? Wani zai ce don kiɗa aka yi ta, in sabon ƙarfe zai sa ta tsaya daidai, a huda. Yana da hujja. Wani kuma zai ce ba kai ne mai ita na farko ba, ba kuwa kai ne na ƙarshe ba. Shi ma yana da hujja. Abin da zai raba gardamar shi ne: wannan canji don muryar gangar ne, ko don ta yi kama da abin da nake so?

Ƙaunatattu, haka yake da ɗan'uwan da ya faɗi cikin zunubi ya komo. Kalmar da manzo Bulus ya yi amfani da ita a karatunmu don maido da irin wannan mutum, ita ce a Helenanci aka yi amfani da ita a Markus 1:19, inda masunta suke gyaran tarunsu. Mai ɗinke taru burinsa tarun ya koma ruwa.

Zunubi tsatsa ne, kuma tsatsar da aka ƙyale cinye ƙarfe take yi. Saboda haka horo a ikkilisiya wajibi ne. Amma sau nawa muka wuce tsatsa muka shiga kankare katako? Muna so ya yi addu'a da irin muryarmu, ya daina raha, ya zauna a bencin baya shekara da shekaru, baiwarsa tana ruɓewa. Wani lokaci mukan baza labarinsa da sunan neman a taya shi addu'a. Wannan rami ne da ba ya toshewa.

Gwanin gyara yakan kankara kaɗan, ya ɗora fata, ya buga, ya saurara. A makon nan, kafin ka yi wa wanda ya tuba wata magana, ka fara zama ka ji shi.

Addu'a: Ya Ubangiji, kai ka ƙera ɗan'uwana, kai ka san muryar da ka sa a cikinsa. Ka ba ni tawali'u ta wurin Ruhu Mai Tsarki, kada in ɓata abin da ka aike ni in gyara. A cikin sunan Yesu, Amin.