Zomon Gida Idan Ya Daina Cin Abinci: Ina Iyakar Alhakin Mai Shi?

Zomon gida, irin wanda ake ajiyewa a ɗaki kamar kyanwa ba don nama ba, dabba ce da bakinta ba ya daɗewa bai motsa ba. Lafiyayyen zomo yana tsakurar ciyawa dare da rana, ya fi kuzari da asuba da almuru, kuma yana zubar da ƙananan kashi irin na akuya da kan kai 200 zuwa 300 a yini. Don haka ranar da aka tarar da kwanonsa yadda aka ajiye shi, ko aka ga ya lafe a lungu ya ƙi fitowa, to akwai magana. Likitocin dabbobi suna ɗaukar zomon da ya yi kamar awa 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba a matsayin mai bukatar taimakon gaggawa. Daga nan tambaya ta addini da falsafa take tasowa: wanda ya tsare dabba a gidansa, alhakinsa ya ƙare ne da ajiye mata abinci, ko kuwa ya haɗa da gane ciwon da take ɓoyewa?

Amsar tana farawa daga yadda aka halicci cikin zomo. Asalinsa daga ƙasashen Sifen da Fotugal ne, inda kakanninsa suke rayuwa a ramuka suna cin ciyawa mai tauri. A mahaɗar ƙaramin hanjinsa da babba akwai wani buhu cike da bakteriya masu narkar da ciyawa. Daga wannan buhu ne wani kashi mai laushi yake fitowa, wanda zomo ke sake haɗiyewa don ya samu sauran amfanin abincin. Hanjin ba ya tafiya sai ciyawa tana shiga. Idan ci ya tsaya, hanji ya tsaya, iska ta taru, ciki ya kumbura, zafin kumburin kuma ya ƙara hana shi ci. Zomo ba ya iya amai, saboda haka ba shi da hanyar sauke abin da ya dame shi. In aka jima a haka, kitse ya taru a hanta, daga nan ceto ya yi wuya.

Abubuwan da ke janyo wannan tsayawa suna da yawa, amma haƙori yana cikin waɗanda ke kan gaba. Zomo yana da haƙora 28, dukkansu suna tsiro muddin ransa, na gaba suna ƙaruwa da kamar milimita 2 a mako. Taunar ciyawa ce ke goge su. Zomon da aka saba wa burodi da biskit da hatsi, turamensa na tauna kan yi tsini su yanki harshe ko kumatu. Sai a ga ya zo wurin abinci da marmari, ya ɗauka, ya yar, haɓarsa jiƙe da miyau. Akwai kuma zafin rana, da ciwon mafitsara, da cutar mahaifa ga tsofaffin matan zomaye, da firgita saboda kare ko sauyin gida, har da mutuwar abokin zama, domin zomo dabbar taro ce.

Wahalar ita ce zomo ba ya kai ƙara. A daji shi abincin kowa ne, na sama da na ƙasa, kuma wanda ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka. Ɓoye ciwo ya zama ɗabi'arsa, bai kuma bar ta ba don ya shigo ɗaki. Hausawa sun daɗe da lura da barcin zomo, ido buɗe. Ciwonsa ma haka yake, ana kallonsa ba a gani. Ba ya ihu sai a cikin matsanancin tsoro ko a bakin mutuwa. Alamominsa ƙanana ne: ya takure wuri guda, ya manna ciki da ƙasa, ya riƙa cizon haƙora da ƙarfi, ya bar gyaran gashinsa, kashinsa ya ƙanƙance ko ya ɗauke. Har cizon haƙoran ma iri biyu ne, domin mai taushi da yake yi idan ana shafa shi alamar jin daɗi ce.

Masana falsafa a Turai sun daɗe suna jayayya a kan ko dabba tana jin zafi da gaske. René Descartes na Faransa, a littafinsa na 1637 kan hanyar tunani, ya kafa hujja da cewa dabbobi ba su iya harhaɗa magana, ya ɗauke su tamkar injina masu motsi ba hankali. Wasu mabiyansa sun zarce har suka ce kukan dabba ba ya nuna jin zafi. A 1789 Jeremy Bentham na Ingila ya juya tambayar: abin dubawa shi ne ko dabba tana wahala, iya magana ko tunani ba shi ne ma'auni ba. Zomo ya fi kowace dabbar gida tona raunin ra'ayin farko, domin idan an ƙi yarda da mai kuka, me za a ce da wanda ko kukan ba ya yi? Ra'ayi na biyu kuma ya bar giɓi: an yarda yana wahala, amma ta yaya za a sani? A 2012 masu bincike a Jami'ar Newcastle suka fitar da ma'aunin gane zafi daga fuskar zomo, mai duba abubuwa 5: runtse ido, shafewar kumatu, sauyin ƙofar hanci, tsayuwar gashin baki, da kwanciyar kunnuwa. Labarin zuciya a tambayi fuska, ashe har ga zomo. Abin da wannan ya tabbatar shi ne ciwon yana da alama, kuma alamar ana iya koyonta.

A Musulunci tambayar ko dabba tana jin wahala ba ta zama abin jayayya ba. Aya ta 38 a Suratul An'am ta bayyana dabbobi da tsuntsaye a matsayin al'ummomi kamar mutane. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Malamai sun fahimci abu biyu daga wannan hadisi: tsare dabba halal ne, amma tsarewar tana mayar da duk bukatarta wuyan mai tsarewa. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya shiga lambun wani mutumin Madina, wani raƙumi ya gan shi ya yi nishi yana zubar da hawaye, sai ya shafa shi har ya natsu, sannan ya nemi mai shi ya yi masa faɗa a kan barinsa da yunwa da yawan aiki. Abin lura a nan shi ne ba a karɓi uzurin cewa raƙumin bai gaya wa mai shi ba. Halin da yake ciki yana bayyane ga wanda ya duba.

Littattafan fiƙihu sun mayar da wannan hukunci. Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa idan babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita. Mafi yawan malamai suna ganin alƙali zai tilasta shi. Abin da aka fi sani daga Abu Hanifa shi ne a umarce shi tsakaninsa da Allah ba tare da tilastawar kotu ba. Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Alƙahira a 1262, ya lissafa haƙƙoƙin dabbobi a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, cikinsu har da ci gaba da ɗaukar nauyinsu ko da sun tsufa ko sun yi ciwon da ba a ƙara amfana da su. Wannan sharaɗi ya dace da zomon ɗaki ƙwarai, tunda shi dama ba ya ɗaukar kaya, ba ya ba da nono, kuma yana iya kai shekara 8 zuwa 12.

To, ciyarwa mece ce? Idan manufarta a zuba abinci a kwano ne kawai, mai zomon da haƙori ya hana ci ya sauke nauyi, ko da dabbar ta mutu da yunwa a gaban cikakken kwano. Wannan fahimta ba ta da ƙarfi. Abin da ake nufi da ciyarwa shi ne dabba ta rayu ba cikin azaba ba. Malaman usulu kuma suna da ƙa'ida cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. A kan wannan ƙa'ida, duba ko zomo ya ci, da duba kashinsa safe da yamma, da sanin alamomin ciwonsa, duk sun shiga cikin haƙƙinsa. Wanda ya sayi zomo bai nemi sanin yadda ake riƙe shi ba, jahilcinsa ba cikakken uzuri ba ne, domin ilimin yana samuwa kuma shi ya kawo dabbar da kansa. Dokar jin daɗin dabbobi ta Ingila ta 2006 ta isa wuri guda ta wata hanya: ta ɗora wa mai dabba nauyin kare ta daga ciwo da cuta, ba hana zalunci kaɗai ba.

Sai dai alhakin yana da iyaka, kuma rashin sanin iyakar kan jefa masu tausayi cikin waswasi. Wasu cututtukan zomo, kamar toshewar hanji, suna kashewa cikin 'yan awoyi, wani lokaci cikin dare ɗaya. Wanda ya duba, ya lura, ya nemi magani gwargwadon ikonsa, sannan dabbar ta mutu, ba a kiransa mai sakaci. Shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Bambancin yana tsakanin wanda bai gani ba bayan ya duba da wanda bai duba ba sam.

Akwai wani kuskuren da ke fitowa daga ƙauna, wato fassara halin zomo da halin mutum. Sai a ce ya yi fushi, ko yana shagwaɓa, ko yana yanga da abinci, a bar shi wai yunwa za ta koya masa hankali. Zomo ba ya yajin cin abinci don ya hukunta kowa. Haka kuma ba kowane sauyi ne ciwo ba: tsakanin wata 3 zuwa 6 yakan balaga, ya fara cizo, da fesa fitsari, da kewaya ƙafar mutum, abin da fiɗiya ke ragewa. Dukan zomo a kan wannan zalunci ne, yana kuma da haɗari, domin ƙashin bayansa ba shi da ƙwari. Sauyin hali tare da ci yadda aka saba yana ba da lokacin nazari; sauyin hali tare da barin abinci ba ya jira.

A ƙasar Hausa yawancin zomaye na kiwon nama ne, sau da yawa a hannun yara, amma hukuncin bai sauya ba, kuma nauyin yana kan babban da ke gidan. Abu biyu sun fi yi musu illa a nan. Na farko zafin bazara: zomo yana fara galabaita idan zafi ya wuce digiri 30, ga shi a Sakkwato ko Maiduguri yakan haura 40 a watan Afrilu, kejin kuma a ƙarƙashin rufin kwano. Na biyu maganin mutane: ƙwayoyi irin su amoksisilin, idan aka ɗura wa zomo ta baki, suna kashe bakteriyar cikinsa, shi ma su kashe shi. Ɗura abinci da ƙarfi ga wanda cikinsa ya kumbura ya yi tauri shi ma yana iya ƙarasa shi.

Wanda ya ga ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, fiƙihu ya ba shi mafita: ya sayar, ko ya bayar ga mai iyawa, ko ya yanka, tunda naman zomo halal ne a mazhabobi huɗu bisa hadisin Anas a kan zomon da aka kama a Marruz Zahran. Sakin zomon gida a daji ba ya cikin mafitar, domin jinsinsa daban ne da zomon dajin Afirka, bai san wurin ɓuya ko abin ci ba, kuma ba ya daɗewa kare ko shaho bai kama shi ba.